Magaryar Yaya

Ba kuɗin man fetur ne ya kawo mu London ba, mu da muka riga masu kuɗin zuwa. Yaƙin basasa ne ya kawo mu, ko in ce ƙarewarsa. Ina faɗin haka tun da fari saboda har yau akwai masu ganin duk macen da ta tsufa a garin nan, to ko miji ta biyo, ko kuwa wani abu ta biyo da ba a faɗa a gaban yara. Ni aiki na biyo, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Lokacin da ƙasa ta rikice, ma'aikatan asibiti 'yan kudu suka tattara suka koma garuruwansu, sai ga gadaje cike da mutane babu mai juya su. Can kuma aka fara sauke sojoji masu rauni daga jirgin ƙasa a Kaduna. Aka yi shela ana neman mata, ko da ba su da takarda, in dai suna da ƙarfi kuma ba sa suma in sun ga jini. Ina budurwa a lokacin, na gama firamare ina zaune a gida. Mahaifina ya yarda ne kawai don ƙaninsa yana bakin daga. Muka wanke raunuka, muka kwashe fo, muka danne ƙarti ana yanke musu ƙafa. A wannan lokacin ba wanda ya tuna cewa mace ba ta kwana a waje. 'Ya'yan albarka ake ce mana.

A can na haɗu da matar da nake kira Yaya, ba don mun haɗa jini ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba, gajera ce mai faɗin kafaɗa, 'yar wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Mijinta soja ne, ya tafi bai dawo ba, ko hularsa ba a kawo mata ba. Ba mutuwar ce take ci mata rai ba, don mutuwa rigar kowa ce. Cewa take yi ba ta san ko an sa masa ruwa ba kafin a rufe shi, in ma an rufe shin. Kakarta ce mai wankan gawar mata a ƙauyensu, kuma tun tana ƙarama ita ke riƙe wa tsohuwar buta. Saboda haka duk macen da ta cika a asibitin ba dangi a kusa, Yaya ake kira.

Da yaƙi ya ƙare aka yi fareti, aka rataya wa maza lambobi. Mu kuwa aka tara mu a wata baranda aka yi mana godiya, aka ce yanzu an samu masu takarda, kowa ta koma gidan ubanta. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Muka koma unguwa muka tarar har suna an canja mana. 'Ya'yan albarkan jiya sun zama matan bariki, waɗanda suka ga tsiraicin soja. Saurayin da yake nemana ya daina bi ta layinmu, kamar ni na harba bindigar. Wata Baturiya da ta shugabance mu a asibitin, da za ta koma ƙasarsu, ta ce asibitocin London suna neman ma'aikata, in muna so za ta yi mana hanya. Yaya tana da 'ya'ya maza biyu a hannun wanta, ga ci ga makaranta. Ita ta fara cewa za ta. Ta ce ita dai ta san gabas ake zuwa neman lada, to tunda ba ta da guzurin gabas, bari ta je yamma ta nemo tuwo.

Muka sauka a unguwar Camberwell, ɗaki guda a saman wani tsohon gida, bango yana tsatsar ruwa, ga mita mai cin silalla kafin ta ba ka ɗumi. Babban asibitin yana kusa, da ƙafa muke zuwa. Ni ina aiki ina karatu har na zama nas. Yaya boko bai shige ta ba, ta tsaya a gyaran gado da wanke tsofaffi. Turancinta bai wuce na sannu da yi haƙuri ba, amma in ba ta zo aiki ba tsofaffin Turawan nan ƙin cin abinci suke yi. Ranar hutu mu dafa tuwon shinkafa, mu yi tsimin kukar da aka aiko mana, mu zagi sanyi. Ba mu yi arziki ba, amma yaranta ba a kore su daga makaranta ba, ni ma na rufe wa mahaifiyata ɗaki da kwano.

Muna cikin haka man fetur ya yi kuɗi. Mutanen da ko Legas ba su taɓa gani ba suka fara zuwa London cire haƙori. Suka sayi gidaje a tsallaken kogin da ya raba garin biyu, matansu suna cika akwatuna da leshi da tangaran da agogon bango. Ni ba na baƙin ciki da arzikin kowa, Allah ne ya ba su. Abin da ban yafe ba shi ne yadda suka san lambar wayar da ke ƙasan benenmu in ana son tafinta a gaban likita, ko mai yin allura, ko mai wankan jego, amma ranar suna in mun zo da ankonmu sai a nuna mana hanyar kicin. In kuwa mace ta mutu, to babu wata sai Yaya. Za ta tashi daga aiki ƙafafu a kumbure, ta hau bas, ta sauka ta shiga tube, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ta je ta wanke musu mamaciya kafin a sa ta a jirgi a mayar gida. Ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Su kuma ba su taɓa tambayar sunanta ba. Mai wanka suke ce mata.

A gida ganyen magarya ake dakawa a kaɗa a ruwa ya yi kumfa, da shi ake wa mamaci wanka, a ƙarasa da kafur. Magarya kuwa a gida ko akuya ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. A London ta zama zinariya. Busasshen ganye dakakke in ya zo filin jirgi, masu binciken kaya wiwi suke zato, don haka ɗalibai tsoron ɗauka suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai an yi dace da wani dattijo mai ƙarfin hali za a kawo wa Yaya ɗan ƙulli. Akwai dai wani gwangwanin madara babba da ta ajiye a kan durowa, cike taf, ta naɗe shi da ƙyallen alawayyo, ba ta taɓa shi ko da na aikinta ya ƙare. Wanta ne ya aiko mata, daga magaryar da ke bayan ɗakin mahaifiyarsu. Ranar da ya iso ta buɗe ta shinshina, ta miƙo mini.

Ta ce, "Wannan nawa ne, ƙanwata. Duk inda na faɗi, da shi za ki wanke ni."

Na ce ta daina yi mana fatan tsiya ana zaune lafiya. Ta yi dariya ta mayar da shi kan durowa.

Cikin masu kiranmu akwai wata Hajiya, matar wani ɗan kwangila. Alhajin nata da kai wa soja abinci lokacin yaƙi ya fara arziki. Yaƙin da ya ɓata mana suna shi ya gina masa bene, sannan mai ya zo ya ƙara masa hawa. Aka kawo mahaifiyar Hajiya ganin likita, Allah ya yi kwananta ya ƙare a nan. Aka kira Yaya, na raka ta riƙon buta, don ni a lokacin iyakacina ke nan. Ƙullin magaryar aikinta ya ƙare, sai ta gaya wa Hajiya cewa za a yi da sabulu da kafur, ba laifi a addini. Hajiya ta zube a kan kafet tana kuka, kuma kukan gaskiya ne, ban ce ba.

Ta ce, "Uwata da sabulu, kamar kwanon miya? A nemo magarya, ko nawa ce."

To a ina za a nemo? Yaya ta dubi inda tsohuwar take kwance. Ta juyo ta ce in koma gida in ɗauko na kan durowa. Na ja ta gefe na ce ba za ni ba, ita da bakinta ta ce nata ne. Ta ce tsohuwa tana kwance tana jira, ita kuwa tana tsaye da ƙafafunta. Haka na tsallaka kogi na dawo, ina ƙunƙuni a cikin tube har Turawa suna kallona. Aka yi wa tsohuwa wanka mai kyau, kumfa kore shar, ƙamshin ya cika ɗakin har na ji kamar ina tsakar gidanmu. Hajiya ta ce kada a rage, a yi mata a wadace, aka kuwa ƙarar da shi. Da aka gama ta kama hannayen Yaya biyu tana rantsuwa. Ta ce Alhaji kullum yana kan hanyar Kano, kuma shi ba a buɗe masa akwati, buhu guda za a kawo mata.

Alhaji ya je ya dawo, ya je ya dawo. Kilishi ya zo, daddawa ta zo, man shanu ya zo, har fura an taɓa kawowa a kwalla, don mun gani da idonmu a kicin ɗinsu. Yaya ta tuna wa Hajiya sau ɗaya, cikin ladabi, Hajiya ta dafe kai ta ce Alhaji mantuwa gare shi. Daga nan Yaya ba ta sake ba. Ta ce in ka maimaita roƙo ya zama bara.

A gidan nan ne kuma, ranar sunan wata jikar Hajiya, muna kicin muna tuƙa tuwo, na ji wata baƙuwa da ta zo daga gida tana tambaya su wane ne matan can. Ƙofa a buɗe take. Hajiya ta ce ai irin matan barikin nan ne da suka bi soja, amma dai suna da amfani. Muciya tana hannuna, kuma Allah ya sani na yi niyyar fita da ita falo. Yaya ta taka mini ƙafa ta danne, ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba. A hanyar gida na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce haƙurinta ne yake sa ake taka mu. Ta bari na gama, sannan ta ce tuwon dai ya yi gudaji, laifina ne.

Ciwon da ya kwantar da Yaya ya fara mata ne a mama. Ita da take kwana tana tashi a cikin asibiti, ta ɓoye har ya ci ƙarfinta. Da likitoci suka buɗe suka gani, suka mayar suka rufe. Ta dawo ɗakinmu tana ramewa, ni ina jinya in na taso aiki.

Wata Lahadi da rana ta ce in kulle ƙofa. Ta miƙe a kan gado, ta ja zani ta rufa, ta ce in zo in koya. Na ce Yaya wace irin magana ce wannan. Ta ce buta na iya riƙewa, buta kuwa ba ta wanke kowa, kuma in na ƙi to Turawa ne za su goge ta da tsumma. Haka na tsaya a kanta, ba ruwa ba komai, ina gwadawa tana gyara mini. In fara da alwala, in fara da dama. In naɗe hannuna da ƙyalle. Kada in yaye zani, mamaci ma yana jin kunya. In na juya ta da ƙarfi sai ta buɗe ido ɗaya ta ce ita ba buhun gero ba ce. Da na zo wurin kitso na ja mata gashi, ta ce to in gawa ce da ta tashi ta mare ni. Muka yi ta dariya, ni hawaye yana zuba a kan zanin. Daga ƙarshe ta ba ni dokoki biyu. Abin da idona ya gani a ɗakin wanka, a can zai zauna har in mutu. Kuma kada in taɓa ƙin wanke mace saboda halin danginta, don ita ba ta da baki a lokacin.

Ba ta ambaci magarya ba. Amma ina ganin idonta yana zuwa kan durowa, inda gwangwanin yake zaune babu komai a ciki.

Na shiga nema. Na aika gida, wanta ya daka ya ba wani ɗalibi, ɗalibin ya zo filin jirgi tsoro ya kama shi ya zubar. Aka sake aikowa ta gidan waya, har yau bai iso ba. Na bi shagunan Indiyawa da na Larabawa da na mutanen Jamaika, ina kwatanta itace mai ƙaya mai 'ya'ya ƙanana, su nuno mini wannan su nuno mini wancan. Wani har lalle ya sayar mini. Da na ga kwana yana ƙarewa sai na haɗiye zuciyata, na sa mayafi na nufi gidan Hajiya.

Na same ta a falo da rana, ta sha ado, ana gwada mata takalma da aka kawo daga shago. Ta karɓe ni da fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba.

Ta ce, "Sista, kin ganni a tsaye, na yi booking ɗin mai gyaran gashi, in na makara sai su yi cancel. Lafiya dai?"

Na ce ba lafiya ba. Na gaya mata mai wanka tana kwance, likitoci sun cire rai, kuma na zo ne a kan magaryar da aka yi mata alkawari ranar rasuwar tsohuwa. Ta yi salati, ta ce Allah sarki baiwar Allah. Ta ɗaga ƙafa aka cire mata takalmi aka sa wani.

Sannan ta ce, "Magarya kuma? Ai malamai sun ce sabulu ma ya isa."

Na tsaya ina kallon bakin da ya faɗi wannan magana. Shi ne dai bakin da ya ce uwarsa ba kwanon miya ba ce. Ban san lokacin da na tambaye ta ko za ta zo ta riƙe mini buta in ta Allah ta kasance ba. Ta ce ita wallahi tsoron gawa take yi, in ta gani ba ta iya barci. Ta jawo jaka tana buɗewa. Ban jira na ga abin da za ta ciro ba, na juya na fita, don in na ƙara tsayawa abin da zai fito daga bakina sai an kira 'yan sanda.

Da na koma Yaya ta dubi hannuna, ta ga ba komai. Na so in ce mata Alhaji yana hanya, amma ban taɓa yi mata ƙarya ba. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta ce to, sabulu ma wanka ne. Ta ce in miƙo mata gwangwanin. Ta buɗe ta sa hanci a ciki ta daɗe, sannan ta juya ta fuskanci bango tana riƙe da shi. Na ji haushin Hajiya, na ji haushin Alhaji da akwatunansa, kuma in faɗi gaskiya na ji haushin Yaya ita kanta, da ta ɗauki abu ɗaya tak da ta taɓa cewa nata ne ta ba mutanen da ba su san sunanta ba.

Ta cika da hantsi, a asibitin da ta yi wa bauta, a kan ɗaya daga cikin gadajen da ta saba gyarawa. Aka ba ni wani ɗaki a ƙasa mai teburin ƙarfe. Na kira gidajen da ta wanke wa iyaye da 'yan'uwa, wannan ta tafi Kano, wannan tana da baƙi, wannan hawan jininta ya tashi. Wadda ta zo ita ce wata mata 'yar zangon Kumasi da ke goge daɓe a asibitin, wadda iyakacinta da Yaya gaisuwa da musayar goro. Ta jingine tsintsiyarta, ta ɗaura ɗankwali, ta ce da irin Hausarsu, "Yaya ya tafi, ni zan riƙe maki buta, Allah ya ji ƙansa."

Na zuba ruwan ɗumi a gwangwanin na girgiza. Ɗan garin da ya maƙale a gefe da gindi ya saki, ruwan ya ɗan canja launi, ko kumfa bai yi ba. Da shi na wanke mata fuska. Sauran jikin da sabulu na yi, irin wanda asibiti ke sayowa a kwali, mai warin magani. Na fara da dama, ban yaye zani ba, na juya ta a hankali, na yi mata kitso ban ja ba. Na san wankan ya yi, na san Allah ba ganye yake dubawa ba, malamai sun gaya mini kuma na yarda. Amma ba abin da ta roƙa ke nan ba, kuma abin da ta roƙa bai fi ƙarfin kowa ba.

Waɗanda suka sallace ta ɗalibai ne kaɗan, da wani likita ɗan Katsina, da wasu 'yan Pakistan da aka tarar a masallaci suka shiga sahu don Allah. Manyan motocin tsallaken kogi ko ɗaya ban gani ba. Gawar masu kuɗi jirgi take hawa ta koma gida. Yaya a bayan gari aka rufe ta, cikin laka, ana yayyafi.

Bayan wasu watanni, ina ɗaki ranar hutu, matar da muke haya a gidanta ta ƙwanƙwasa ta ce ana kirana a waya. Hajiya ce, murya a dushe. Ƙanwarta ce ta zo haihuwa, an samu ɗan, ita ba ta tashi ba. Ta ce an gaya mata ni na gaji mai wanka, ga direba nan ta turo.

Na riƙe kan wayar, bakina cike da magana. Wata da watanni ina shirya abin da zan faɗa wa matar nan, a bas, a bakin aiki, har a kan sallaya, Allah ya yafe mini. Ga rana ta zo. Amma yarinyar da ke kwance ba ita ta ce sabulu ya isa ba, kuma wadda ta kafa mini doka ba ta nan balle in yi mata gardama. Na ce ina zuwa. Na biya na ɗauki 'yar Kumasi, na sa gwangwanin Yaya a jaka, don a ciki nake ajiye kafur.

Direba ya fara kai mu gidan. Falo cike da mata, manya-manya, ana ta kuka. Wannan karon ba wanda ya nuna mini kicin, har kujera aka matsa mini. Na gaya wa Hajiya, a gaban kowa, cewa da sabulu da kafur za a yi, don su nake da su. Ina so in ji me za ta ce.

Ta share hawaye ta ce, "A'a Sista, akwai magarya."

Ta hau sama da kanta. Sai ga ta tana saukowa tana jan wani ƙaramin buhu, an ci kusan rabinsa, ta dire a gabana. Ƙamshin ya buge ni tun kafin ta kwance bakin.

Ta ce, "Tun bara Alhaji ya kawo mini. Ruwan garin nan karya gashi yake yi, da ita nake wanke kai."

Tun bara. Wato ranar da na tsaya a falon nan ina roƙo ana gwada mata takalma, buhun yana sama, a banɗaki, tsakaninsa da ni matakala ce kawai. Ban ce ƙarya ta yi mini ba a ranar, don ba ta ce babu ba. Tashi ne kawai ba ta ga Yaya ta isa ta yi dominta ba. Na duba fuskarta ko zan ga alamar ta tuna, ban ga komai ba sai baƙin cikin ƙanwarta. Wannan ya fi ƙarya ciwo a wurina.

Muka tafi inda aka ajiye yarinyar. Na wanke ta yadda aka koya mini, 'yar Kumasi tana zuba ruwa, kumfa kore shar. Ban gaggauta ba, ban rage mata komai ba, na yi mata kitsonta a hankali. Abin da na gani a ɗakin yana can.

Da muka fito, Hajiya tana zaune a baranda da wasu mata, buhun yana gefena. Na ciro gwangwanin, na juye kafur ɗin a ƙyalle, na durƙusa a gabanta na fara cikawa. Na cika, na danna da tafin hannu, na ƙara. Matan suna kallona.

Hajiya ta ce, "Ɗiba mana, Sista, ai akwai da yawa."

Na ce, "Ba kyauta na ɗauka ba, Hajiya. Na Yaya ne."

Ta dube ni da jajayen idanu, tsakaninta da Allah, ta ce, "Wace Yaya?"

Na faɗa mata sunan, da sunan ubanta, da na ƙauyensu, a hankali yadda kowa a barandar zai ji. Na rufe gwangwanin. Direba ya buɗe mana mota, na ce ya bari. Muka taka zuwa bakin titi ni da 'yar Kumasi muka tsaya jiran bas, ina rungume da shi cike taf, mai shi kuwa ta daɗe a ƙasa da warin sabulun asibiti.